Yadda Za Ka Zaɓi Shimfiɗar da Za Ka Goya Zuwa Kwanan Daji da Hawan Dutse

Daren farko da na kwana a fili a kan tsaunin Mambila, cikin watan Disamba, na je da bargo biyu da rigar sanyi da hula da safa. A ƙarƙashina kuwa tabarmar roba ce, irin wadda ake shimfiɗawa a ƙofar gida da yamma. Ban runtsa ba sai gab da asuba. Ƙirjina da ɗumi, fuskata da ɗumi, amma duk ɓangaren jikin da na ɗora a ƙasa sai ya yi kamar an jingina shi da randa. In na kwanta ta dama, dama ta sandare. In na koma hagu, hagu ta karɓa. Gari ya waye muna da tafiyar yini guda a gabanmu, ni kuwa ga ciwon kai ga mutuwar jiki. Mutumin da ya yi mana jagora ne ya dubi kayana ya nuna mini cewa ban yi kuskure a abin rufa ba, a abin kwanciya na yi shi, domin a irin wannan wuri ta ƙasa sanyi yake kama mutum.

Tun daga ranar na daina ɗaukar shimfiɗa a matsayin kayan jin daɗi. Ina sa ta a sahu ɗaya da takalmi da ruwan sha.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Bargo ba ya haifar da zafi, jikinka ne yake haifarwa. Aikin bargo shi ne ya riƙe iska a tsakanin zarensa, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta barin zafi ya wuce da sauri. To da ka kwanta a kan bargon, nauyinka ya matse shi, iskar ta fita, ya zama ƙyalle kawai. Haka buhun barci yake, wato bargon nan mai siffar buhu da ake shiga ciki a kwanta, komai tsadarsa: ɓangaren da ke ƙarƙashin bayanka a matse yake, ba ya tsare komai. Ƙasa kuwa ba ta ƙoshi. Duk zafin da ka ba ta za ta shanye ta nemi ƙari har gari ya waye, balle in da danshi a cikinta ko kuma dutse ne. Shimfiɗar tafiya an yi ta ne don ta tsaya tsakaninka da ƙasa ba tare da ta matse ba. Laushi aikinta na biyu ne.

Fara da wurin da za ka, kafin ka dubi kaya

Kada ka buɗe shafin masu sayarwa sai ka amsa wa kanka tambaya biyu: wane dare ne mafi sanyi da za ka kwana a waje, kuma wace irin ƙasa za ka kwanta a kai?

Mutanenmu sukan raina sanyin tudu domin sun saba da zafin gari. Amma duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yakan ragu da kusan digiri 6.5. Tsaunin Shere da ke gefen Jos ya kai mita 1,829, kuma a Jos kanta sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 10 a tsakiyar hunturu. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, wanda ke cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba daf da iyakar Kamaru, mita 2,419 ne, ga iska ga raɓa mai jiƙa komai. A duwatsun Abzin na arewacin Nijar, inda Bagzan ya haura mita 2,000, rana za ta gasa ka, dare ya yi ka rasa inda za ka sa kanka. Wanda kuma ya ƙudura Kilimanjaro ta Tanzaniya, mai mita 5,895, zai kwana a zangon da ruwa ke daskarewa. Waɗannan wurare ba shimfiɗa ɗaya suke nema ba, kuma dukansu sun bambanta da kwanan bakin kogi a watan Afrilu.

Ka auna da dare mafi sanyi, kada ka auna da matsakaici. Dare ɗaya na rashin barci ya isa ya ɓata tafiyar kwana huɗu.

Tambayar ƙasa kuwa ita ce wadda littattafan Turawa ba sa tsayawa a kanta sosai, domin yawancinsu a kan ciyawa mai laushi ko ganyen da ya zube suke kafa tanti. Mu a dajinmu akwai ƙarangiya, akwai tsaidau, akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya, ga tsakuwa mai kaifi, ga kututturen ciyawar da aka ƙone wanda yake tsaye kamar allura. Zan dawo kan wannan, domin shi ne yake sauya lissafin gaba ɗaya.

Lambar R: abin da za ka fara nema a jikin kwali

Kowace shimfiɗa ta kirki tana ɗauke da wata lamba da ake rubutawa bayan harafin R. Ma'aunin yadda take hana zafi ratsa ta ne. Lambar na hawa, tsarewar na ƙaruwa, kuma a miƙe lissafin yake: mai R 4 tana tsare ninki biyu na mai R 2.

A da kowane kamfani da yadda yake auna tasa, wasu ma ƙiyasi kawai suke yi. Daga shekarar 2020 manyan kamfanonin suka koma kan gwaji guda mai suna ASTM F3340. Ana matse shimfiɗar tsakanin faranti biyu, na sama a digiri 35 a madadin jikin mutum, na ƙasa a digiri 5 a madadin ƙasa, sai a auna yawan wutar da na saman yake ci kafin ya riƙe ɗuminsa. In ka ga sunan wannan gwaji kusa da lambar, za ka iya kwatanta ta da ta wani kamfani hankalinka kwance. In ba ka gan shi ba, musamman a kayan da ba su da sunan kamfani sananne, ka ɗauki lambar a matsayin talla.

Ga yadda nake lissafawa. Ƙasa da R 2 ta daren zafi ce, bazara da damina a ƙasa-ƙasa. Daga 2 zuwa kusan 4 ita ce ta yawancin tafiye-tafiyenmu: hunturu a Filato, Mambila, Chappal Waddi, Abzin. A 2 ɗin kana bakin iyaka ne in sanyi ya tsananta, 3 zuwa sama ta fi kwanciyar hankali. Daga 4 zuwa 5 da ɗoriya ta wurin da ruwa ke daskarewa ce, irin zangon sama na Kilimanjaro. Abin da ya haura haka na masu kwana a kan ƙanƙara ne, kai ba ka da bukatarsa sai in can za ka. In ka san kai mai jin sanyi ne, wanda yake neman bargo tun kafin kowa, ƙara ɗaya a kan abin da na faɗa. Masu ramammen jiki da dattawa da mata da yawa suna cikin wannan rukuni.

Abu biyu kuma da ya kamata ka riƙe. Na farko, lambar tana haɗuwa: ka ɗora mai R 2 a kan wata mai R 2, ka sami R 4. Na biyu, digirin da ake rubutawa a jikin buhun barci an gwada shi ne a kan shimfiɗa mai tsare sanyi sosai. Wanda ya sayi buhun da aka rubuta masa digiri 0 ya shimfiɗa shi a kan tabarma, zai ji sanyi a digiri 10 ya ce an cuce shi, alhali ba laifin buhun ba ne.

Kauri kuma ba shi ne ɗumi ba. Katifar iskan nan mai tudu da ake hura wa baƙi a gida ta fi kowace shimfiɗar tafiya kauri, amma a daren sanyi ita ce mafi muni, domin iskar cikinta sakakkiya ce, tana zagayawa tana kwasar zafin bayanka tana kai wa ƙasa.

Iri uku ne, kowanne da halinsa

Ta farko ita ce ta soso. Ba soson katifar gida ba, wanda yake shan ruwa kamar auduga. Wannan soso ne mai rufaffun ƙofofi, ƙananan kumfa da iska ta maƙale a cikinsu, ruwa ba ya shiga. Wata ana naɗe ta, wata ana ninke ta kamar mafici, fuskarta da gurabe irin na kiret ɗin ƙwai. Sananniya a cikinsu ita ce Z Lite Sol ta kamfanin Therm-a-Rest: nauyinta giram 410, kaurinta santimita 2, R ɗinta 2, kuma a Amurka kuɗinta bai wuce dala 50 zuwa 60 ba. Switchback ta kamfanin Nemo kusan tagwaye suke da ita. Ba a hura ta, ba ta sacewa, ƙaya ta soke ta sau ɗari ba abin da zai same ta. Ka yar da ita a ƙasa ka kwanta, shi ke nan. Da rana ka zauna a kai ka ci abinci, lokacin salla ka shimfiɗa ta, abin da ta iska ba za ta yi maka ba domin goshi ba ya tabbata a kanta. Aibinta biyu: tauri, da girma. Ba ta shiga jaka, sai dai a ɗaure ta a waje, inda reshe zai riƙa kama ta. Bayan an daɗe ana kwanciya kuma guraben suna lafewa, ɗuminta ya ragu.

Ta biyu ita ce ta iska, wadda ake hurawa. Masu kyau a cikinta an saka musu siraran shafuka masu ƙyalli ko zare mai kama da auduga a ciki don su hana iskar yawo su mayar maka da ɗuminka. A nan ne fasaha ta yi nisa. NeoAir XLite NXT ta kamfanin Therm-a-Rest nauyinta kusan giram 370 ne, wato ta fi ta soson sauƙi, amma kaurinta santimita 7.6 kuma R ɗinta 4.5, in an naɗe ta ba ta fi gorar ruwa ta lita ɗaya ba. 'Yar'uwarta XTherm NXT tana kai R 7.3. Kamfanonin Sea to Summit da Exped da Nemo duk suna da irin nasu. Barci a kanta ya fi kusa da barcin gado. Sai dai kuɗinta ya haura dala 200, kuma ranta yana hannun ƙaya guda. Wasu kuma suna ƙara in ka juya, kamar ana murza leda, abin da zai iya hana abokin tantinka barci. Ka kula, akwai masu araha da ba a saka musu komai a ciki ba, iska ce zalla. Suna da laushi, amma R ɗinsu bai fi 1 da 'yan kai ba. Na daren zafi ne kawai.

Ta uku ita ce mai hura kanta. Soso ne mai buɗaɗɗun ƙofofi aka rufe a cikin riga mai hana iska fita. Ka buɗe bawul, soson ya miƙe ya zuƙo iska, ka ƙara mata numfashi biyu ko uku ka rufe. Wasu injiniyoyi da suka yi aiki a kamfanin jiragen Boeing ne suka ƙirƙiro ta a birnin Siyatil na Amurka, suka kafa kamfanin Cascade Designs a 1972. Tana da daɗin kwanciya, rigarta takan fi kauri, kuma ko ta huje akwai ɗan soso tsakaninka da ƙasa. Amma ta fi sauran biyun nauyi, yawanci daga giram 600 zuwa fiye da kilo ɗaya, kuma tana cin wuri. In mota ce za ta kai ka har zango, ko akwai jaki ko raƙumi kamar yadda ake yi a Abzin, zaɓi ne mai kyau. In a bayanka za ta hau dutse, ka sake tunani.

Wani zai ce, ina laifin kayanmu na gida? Buzu yana tsare sanyin ƙasa ƙwarai, ba banza malamai da matafiya suka riƙe shi ba, sai dai gajere ne, yana da nauyi, in ya jiƙe kuma sai ya kwana biyu bai bushe ba. Tabarmar kaba da ta roba suna raba ka da ƙura da datti, ba sa raba ka da sanyi. Shimfiɗar motsa jiki da ake sayarwa a kantunan wasanni siririya ce kuma tana da nauyi, ba don wannan aka yi ta ba.

Abin da nake ba mutanenmu shawara

In shimfiɗa ɗaya za ka iya saya, kuma a dajinmu za ka yi yawancin kwananka, sayi ta soso mai ninkewa. Na san ba ita ce ake yabo a bidiyoyin masu hawan dutse ba. Amma na ga abin da ƙarangiya take yi wa shimfiɗar iska. Ba fashewa take yi ka ji ƙara ba. Ƙananan huji ne da ido ba ya gani, wani lokaci biyar ko shida a wuri ɗaya, iskar tana zurarewa a hankali. Ka kwanta a kan gado, ƙarfe biyun dare ka farka a kan dutse. Shimfiɗar iska da ta sace R ɗinta ya tafi gaba ɗaya, ba ta fi leda ba. Kana nisan yini biyu da hanyar mota, babu inda za ka sami wata. Ta soso ba za ta taɓa yi maka haka ba.

In kana da hali, kuma tafiyarka ta wurin sanyi ce ko jikinka ba ya jure tauri, haɗa biyu: ta soso a ƙasa, ta iska a sama. Soson ya tare ƙaya, lambobinsu su haɗu, in ta saman ta huje kuma kana da abin da zai kai ka safiya. Nauyin duka biyun bai cika giram 800 ba. Wannan shi ne abin da nake yi yanzu in zan hau Mambila ko abin da ya fi ta.

Ta iska ita kaɗai ta dace da wanda zai kwana cikin tanti mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, a zangon da aka share aka saba sauka, kamar hanyoyin Kilimanjaro. In ita za ka ɗauka, dubi kaurin rigarta. Ana rubuta shi da lamba da harafin D, ma'aunin kaurin zare ne. Mai 15D ko 20D ta masu ƙirga kowane giram ce, ba ta dajin ƙaya ba. 30D zuwa 40D matsakaiciya ce. Wadda ƙasanta ya kai 70D ita ce mai jure wahala, kuma ƙarin nauyin da za ka ɗauka saboda ita bai kai nauyin wayarka ba.

Ga maniyyata ma wannan magana tana da amfani. Daren Muzdalifa a fili ake kwana, a kan tsakuwa ko ƙasar da ta yini tana shan rana. Soso yana tare zafin ƙasa kamar yadda yake tare sanyinta, kuma gajeriyar mai ninkewa ba ta da nauyin da zai dami dattijo.

Tsawo da faɗi, da yadda kake kwanciya

Ma'aunin da aka saba shi ne tsawon santimita 183 da faɗin 51. Ka ɗauki tef ka auna santimita 51 a ƙasa ka kwanta a ciki, za ka ga ƙanƙantarsa. Mai kwanciya rigingine, gwiwar hannunsa za ta riƙa zamewa tana sauka ƙasa. In kana da faɗin kafaɗa ko yawan juyi, nemi mai faɗin 64. Ƙarin nauyin kaɗan ne, bambancin barcin kuwa babba. Dogaye akwai mai tsawon 196.

Yawancinmu a gefen dama muka tashi muna kwanciya, kuma mai kwanciyar gefe duk nauyinsa a kan ƙugu da kafaɗa yake taruwa. Shi ne ya fi shan wahala a kan soso mai santimita 2. In kai ne, ko dai ka nemi ta iska mai kaurin santimita 7 zuwa sama, ko ka koyi dabarar tsofaffin matafiya: in ƙasar yashi ce, ka ɗan rarake gurbi mara zurfi daidai inda ƙugunka zai sauka kafin ka shimfiɗa.

Akwai kuma gajeriya, mai kusan santimita 120, daga kafaɗa zuwa gwiwa. Ana sa jakar goyo a ƙarƙashin ƙafa, a yi matashi da kayan sawa. Tana rage nauyi sosai, kuma a daren da ba sanyi tana wadatarwa. Ta soso ma kana iya yanke ta da wuƙa daidai tsawon da kake so. A wurin sanyi dai kada ka yi wannan tsimi, ƙafar da ta yi sanyi ba ta barin mutum barci.

Game da nauyi, ƙa'idata ita ce: shimfiɗar da zan goya da kaina kwana da kwanaki kada ta wuce rabin kilo, sai in haɗin biyun nan ne. Amma kada neman sauƙi ya rufe maka ido. Giram 100 da ka rage a shimfiɗa, in ya jawo maka rashin barci, gobe za ka biya shi a ƙafa.

Wajen saye

Irin waɗannan kaya ba su cika kasuwanninmu ba. Ko dai ka yi oda ta intanet, ko ka ba wani mai dawowa daga waje saƙo, ko ka dace a gwanjo. Kantunan Decathlon, inda suke, suna da masu sauƙin kuɗi kuma suna rubuta lambar R. A intanet akwai kwaikwayon ta soso mai ninkewa birjik. Wasunsu ba laifi, amma sukan fi sirantaka kuma su lafe da wuri. Gwajin soso a hannu yake: matse shi da babban yatsa da ƙarfi ka saki. In ya dawo nan take, da sauran ransa. In gurbin yatsan ya zauna, ya gama aiki. Ɗiga masa ruwa kuma ka gani, in ya shanye ba irin wanda kake nema ba ne.

Ta iska ta gwanjo kuwa kada ka biya sai da sharaɗin mayarwa. Hura ta ta cika, ka dube ta a haske. In ka ga wani wuri ya kumbura kamar ƙari, ɗinkin cikinta ya saki, kuma wannan ba ya gyaruwa, kullum ƙaruwa yake. Shinshina bakin bawul, warin funfuna alama ce an ajiye ta da danshi. Murza bawul ɗin ka ji ko yana rufewa tsaf. Sannan ka kai ta gida, ka ɗora mata nauyi ta kwana.

Sabuwa ma haka za ka yi mata. Ka kwana a kanta a kan siminti, a tsakar gida, dare ɗaya ko biyu kafin tafiya. Siminti ba ya ɓoye aibin shimfiɗa. In ƙugunka yana taɓa ƙasa, ko hannunka yana zamewa, ko ƙararta ta dame ka, gara ka sani yanzu.

A zango

Kafin ka shimfiɗa komai, share wurin. Fara da ƙafa cikin takalmi, ka kawar da duwatsu da itace, ka duba ramin kunama da hanyar tururuwa da shurin gara. Sannan ka bi da tafin hannu a hankali, domin hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Kada ka kafa zango a gindin aduwa ko bagaruwa komai daɗin inuwarsu, ƙayar shekaru tana binne a ƙasansu. Shimfiɗa leda mai kauri ko buhu a ƙasa tukuna. Duba wandonka da safarka ma, ƙarangiya a jikinka take hawa ta bi ka har kan shimfiɗa.

In soson yana da fuska mai ƙyalli kamar azurfa, ita ce take kallon sama. Ta iska kuwa, yawancin sababbi suna zuwa da wata jaka da ake cika ta da iska a matsa ta cikin bawul. Yi amfani da ita. Hurawa da baki a kan tudu yana sa jiri, kuma numfashi yana shigar da danshi ciki. Kada ka cika ta ta yi tauri kamar ganga. Hura ta sosai, ka kwanta ta gefe, ka riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan har ƙugunka ya nutse amma bai taɓa ƙasa ba.

Wani abu da yake tsorata sababbi: ka hura ta da yamma, dare ya yi ka ga ta yi laushi. Sau da yawa ba huji ba ne, iska ce take tsukewa in ta yi sanyi. Ƙara mata kafin ka kwanta. Akasin haka shi ne mai haɗari a ƙasarmu. In ka bar ta a hure cikin tanti da rana, zafi zai kumbura iskar har ɗinkin ciki ya ɓalle. Duk safiya buɗe bawul kafin ka bar zango, kuma kada ka bar ta cikin motar da ke tsaye a rana. Nisanta ta da wuta, tartsatsi ɗaya ya isa. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana cin irin wannan yadi, ka bari ya bushe a jikinka kafin ka kwanta.

Kayan faci kada su rabu da jakarta. In ta huje, hura ta da ƙarfi, ka jiƙa sabulu ka shafa kumfar a jikinta ɓangare-ɓangare kana dannawa, kamar yadda mai faci yake neman huji a tayar keke. Inda kumfa ta riƙa tasowa, nan ne. In akwai rafi ko babban baho, nutsa ta ka bi ƙwayoyin iskar. Yi wa wurin alama da biro, kuma kada ka tsaya a huji na farko, ƙarangiya ba ta yin ɗaya. Bari wurin ya bushe sarai, goge shi da auduga mai sifirit don maiƙo ya fita, yanke facin da kewaye ba kusurwa domin kusurwa ce take fara ɗagowa, ya zarce hujin da kamar santimita 2 ta kowane gefe, ka manna ka danne da gindin kofi na 'yan mintuna. Facin sitika yana kamawa nan take. Na gam mai ruwa ya fi ƙarko amma yana son ya kwana kafin a hura. Gam ɗin tayar keke ba ya kama wannan yadi da kyau, kada ka dogara da shi.

In ka dawo gida, goge ta da tsumma mai ɗan sabulu, ka shanya ta a inuwa da bawul a buɗe har ta bushe ciki da waje, musamman da damina. Ta iska a naɗe ta sakwa-sakwa a ajiye inda ba zafi, ba a saman silin ko bayan mota ba. Mai hura kanta kuwa a miƙe ake ajiye ta da bawul a buɗe, a ƙarƙashin gado ko bayan kabad, domin in ta yi watanni a matse soson cikinta yana mantuwa da yadda ake miƙewa. Ta soso ba ta da wani sharaɗi, illa kada a ɗora mata kaya masu nauyi, kuma a ɗaga ta daga inda ɓera zai kai.